Ina so in ba da tsohon jirgin ruwana sadaka, ta ina zan fara?

Sabo_StCloud:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haraji a nan Amurka. Ina da jirgin ruwa irin wanda ake kira pontun, wato dandamali mai faɗi da aka ɗora kan manyan bututun alminiyam biyu, da kujeru da rumfa. Tsawonsa ƙafa 22, ƙirar 2003, injin Mercury, da tirelarsa. Na saye shi na hannu lokacin da yara suke ƙanana, don a Minnesota wanda bai shiga tafki da zafi ba kamar bai zo jihar ba. A Richmond ma, nan kusa da mu, Ambrose Weeres ya fara ƙera irinsa a farkon shekarun 1950.

Yanzu yara sun tafi jami'a, uwargida kuwa tun asali ba ta yarda da ruwa ba. Duk gabatowar sanyi sai na biya a naɗe shi da leda a ajiye, ga inshora. Katakon daben ya fara laushi ta wajen ƙofar gaba, kujeru biyu sun tsage, amma inji lafiya lau. Ina jin talla a rediyo wai ka ba wata ƙungiyar agaji jirgi, su zo su ɗauka kyauta, a rage maka haraji. Gaskiya ne? Kuma in na karɓi rangwamen, ladan yana nan?

Hajiya_Binta_Columbus:
Wa alaikumus salam Malam Sabo. Cike takardun haraji ne sana'ata, bari in gaya maka abin da masu tallan ba sa faɗa.

Tun 2005 doka ta canza. A da mutum yakan rubuta kuɗin da yake ganin jirginsa zai yi a kasuwa. Yanzu idan ƙungiyar ta sayar da shi, abin da aka saya shi ne iyakar abin da za ka nema. Yawancinsu gwanjo suke kai wa, kuma ka san gwanjo. Jirgin da kake ganin ya kai dala 6,000, in ya tafi a 2,000, to 2,000 ɗin ce za su rubuta a takardar 1098-C, wadda dole su ba ka cikin kwana 30 da sayarwa. Da ita da takardar 8283 za ka haɗa tunda abin ya wuce dala 500.

Ga inda gizo ke saƙar. Wannan rangwame sai wanda yake jera abubuwan da ya kashe ɗaya bayan ɗaya a takardar haraji ta Schedule A, maimakon ya ɗauki rangwamen bai-ɗaya da ake ba kowa. Rangwamen bai-ɗaya na mata da miji a 2024 dala 29,200 ne. In kuɗin ruwan bashin gidanka da harajin jiha da sadakokinka ba su haura wannan ba, jirgin nan ba zai rage maka ko sisi ba a harajin tarayya. Da yawa sai a watan Maris suke gane haka a ofishina, ransu a ɓace.

Dokar ta yi togaciya: idan ƙungiyar za ta yi aiki da jirgin da gaske, ba sayarwa ba, kana iya neman cikakken kuɗinsa na kasuwa. In ya haura dala 5,000 kuma sai ƙwararren mai ƙiyasi ya rubuta maka takarda. Kafin komai ka duba sunan ƙungiyar a rajistar IRS, hukumar harajin tarayya, ka tabbata 501(c)(3) ce, wato ƙungiyar agaji da hukumar ta amince da ita, ka kuma tambaye su kashi nawa ke isa ga mabukata bayan dillali ya cire nasa.

DanYauri:
Yaya Sabo, me zai hana ka aiko da shi gida? Mutanenmu na bakin Kwara kwale-kwalen katako suke hawa, kullum ana jin kifewa.

Injiniya_Lawal:
Ɗan Yauri, niyyarka mai kyau ce, amma ba zai yiwu ba. Irin wannan jirgi faɗinsa ƙafa takwas ne zuwa takwas da rabi, cikin kwantena kuwa bai cika ƙafa takwas ba. Sai an wargaza shi, kuma kuɗin dako da na kwastan zai ninka kuɗin jirgin. Ban da haka an yi shi ne don shan iska a tafki mai kwanciya, ba don lodin buhuna da babura ranar kasuwa ba. In don gida ne, ya sayar ya aika kuɗin a sayi rigunan ruwa masu hana nutsewa.

Malam Sabo, ni ta fannin takardu zan yi magana. Jirgi da tirela kowanne da nasa: na jirgin a hannun DNR, hukumar albarkatun ƙasa ta jiha, yake, na tirelar a ofishin motoci. Ka tabbata duka biyun sun bar sunanka, kuma babu sauran bashin banki a kai. Ka wanke bututun sosai, ka tsiyaye ruwan da ke ciki kafin a ja shi kan titi, saboda dokar hana yaɗa ƙananan halittun ruwan nan masu ɓawo da ke maƙalewa a jikin jirgi, zebra mussel. Sannan ka tuntuɓi Let's Go Fishing, 'yan jiharku ne, da pontun suke fita da tsofaffi da tsofaffin sojoji. Sai dai kada ka yi mamaki in sun ƙi mai laushin dabe, rayukan dattawa za su ɗora a kai.

Malam_Habibu:
Kan tambayarka ta biyu, aiki da niyya yake. In don Allah ka bayar, gwamnati ta bar maka wani abu daga kuɗinka, ban ga laifi ba. Abin da ya fi damuna shi ne daben nan. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu zaɓo maras kyau mu ba da sadaka. Ko ka gyara, ko ka faɗa musu aibin tun kafin su turo mota.

Sabo_StCloud:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, na duba takardun bara, rangwamen bai-ɗaya muka ɗauka, ke nan maganar haraji ta faɗi. Zan kira masu fita da tsofaffin ranar Litinin in gaya musu halin daben. In ba su so, zan sa shi a Facebook idan ƙanƙara ta narke, in raba kuɗin tsakanin masallacinmu da rigunan ruwan. Ɗan Yauri, wa ka amince da shi a can da zai saya ya raba?