Neman taimako kan tarihin ƙauyen Kideksha da cocinsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman waɗanda suka yi karatu a Rasha.

Ina rubuta maƙala da Hausa kan Kideksha, wani ɗan ƙauye kusa da garin Suzdal a jihar Vladimir ta Rasha, inda kogin Kamenka ke zuba cikin kogin Nerl. Tarihin cocinsa bai ba ni wahala ba. Yarima Yuri Dolgoruki ne ya gina shi da farin dutse a 1152 da sunan waliyyai Boris da Gleb, kuma a ciki aka binne ɗansa Boris. Mongol sun yi masa ɓarna a 1238, aka gyara, sannan a 1992 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya.

Inda na cije shi ne mutanen ƙauyen. Duk abin da na samu labarin gini ne da sarakuna, manoma kuwa shiru, alhali su suka fi damu na. Su wa suka mallaki gonakin kafin a 'yanta manoma a 1861? Ina aka kai masu ibada a zamanin Tarayyar Sobiyet?

Tun daga 1722 limaman coci suka riƙa rubuta haihuwa da aure da mutuwa a littattafai. Don Allah, na Kideksha suna gidan adana takardun tarihi na jihar Vladimir? Ana iya neman hotonsu daga nesa? Rubutun hannu ne da tsohuwar ƙa'idar rubutun Rashanci ta kafin 1918, manhajar fassara ba ta karanta shi. Wanda ya iya, ina roƙon ya taimaka min.