Ina Dattijan Majalisar Dattawa?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum, ma'abota waƙa,
Na zo da tambaya ina son warwarewa.
Kullum a rediyo muna jin ana faɗin
Majalisar Dattawa ta zauna tattaunawa.
Na leƙa talabijin na duba kawunansu,
Wasu ko furfura ba ta fara tsirowa.
To ina dattijan? Malam, a ba ni amsa,
Ko suna ne kurum ake ta laƙabawa?

Malam na Gwale:
Wa alaikumus salam, ɗana, matso ka ji,
Majalisar Tarayya biyu ake kasawa.
Koren zaure shi ne na Wakilai,
Ja kuwa nan ne mazaunin Dattawa.
Wakilai 360, yawan jama'a ake dubi,
Shi ya sa 24 Kano take turawa.
A jan zaure kuwa kujeru 109 ne,
Kowace jiha uku, Abuja ɗaya ake ba wa.
Kano da Bayelsa nan kunnen doki suke,
Yawan mutanenmu bai sa a ƙara mana kowa.
Tsakiya, Arewa, Kudu su ne mazaɓunmu,
Bayan shekara 4 a sake zaɓowa.
Tsarin mulkin 1999 shi ya yanke,
In ka kai 35 ka isa tsayawa.

Hajiya ta Sharaɗa:
Malam, gafarta, lissafinka ya fita,
Amma tambayar yaro kana ta kewayewa.
Ɗan 35 ai ɗan cikina ne,
Jiya-jiya na gama yi masa gorin yayewa!
Dattijo a unguwa in rigima ta tashi,
Shi ke faɗin gaskiya ko ba a so a jiyowa.
An ba su tantance ministoci da jakadu,
Sai ka ji an ce rusuna, kama hanyar wucewa.

Baffa na Kurmi:
Hajiya, sassauta, kar ki yi musu kuɗin goro,
Sunan ma ya girmi masu shigowa.
A Jihar Arewa zaure na sama a Kaduna,
Sarakuna ne a ciki, ba a zaɓen kowa.
1966 soja suka zo suka rushe.
A 1979 muka yi layin kaɗawa,
Sabo Bakin Zuwo ya tafi a tutar PRP,
Tun nan kalmar Sanata ta zauna bakin Kanawa.

Ɗan Fagge:
Baffa, na gode. Saura guda biyu:
Wasu Dattijai suke cewa, wasu Dattawa.
Sannan ɗan majalisar jiha na layinmu,
Yara Sanata suke ta kirawa.

Malam na Gwale:
Dattijai da Dattawa duk jam'in dattijo ne,
Wanda ka ɗauka babu mai tuhumtawa.
Na layinku kuwa ba Sanata ba ne,
Zauren jiha guda ne, 40 ke zaunawa.
Ka ce Onarabul, shi ne nasa,
Yaran kuwa kuɗin shayi suke nemowa.