Idan namiji aka yi wa fyaɗe, me za a fara yi?

Maman Yara: Assalamu alaikum. Duk bayanin da ake yi kan mata ne. To in yaro namiji ne fa, ina za a nufa?

Anti Nas: Wa alaikumus salam, Maman Yara. Asibiti tukuna, kada a wuce awa 72. Sai an fara maganin rigakafin ƙanjamau, PEP, a cikin wannan lokacin yake aiki, kuma kwana 28 ake shansa ba fashi. Tashin zuciya kan sa wasu su daina, to a koma wurin likita. A tambayi allurar rigakafin ciwon hanta. Kada a yi masa wanka kafin likita ya duba shi. Kayan jikinsa a naɗe su a takarda, don leda tana riƙe danshi ta lalata shaida.

Barista: Dokar VAPP ta 2015, wato dokar Najeriya ta hana cin zarafin mutane, ta amince cewa namiji ma ana iya yi masa fyaɗe, saɓanin sashe na 282 na Penal Code, kundin dokar hukunta laifuka na Arewacin Najeriya, da ya tsaya kan mata. A karɓi rahoton likita. Kada a yarda da sulhu a zaure, shi ke ba mai laifin damar komawa kan wani yaron.

Malam Mai Nasiha: Hajiya, ban da tambayar “me ya hana ka ihu?” Tsoro yana sandarar da jiki. A ce masa an yarda da shi, laifin ba nasa ba ne. A lura da fitsarin kwance, firgita cikin barci da ƙin zuwa wani wuri.