Tirelar tafi-da-gidanka: wace a-kori-kura ce za ta kai ta Yellowstone?

Baban 'Yan Biyu (Columbus): Assalamu alaikum jama'ar zaure, da fatan an tashi lafiya. Shawara nake nema. Ni da iyali mun ɗaura niyyar zuwa gandun dajin Yellowstone na nan Amurka a watan Yuli idan yara sun samu hutu, kuma mun gaji da kwanan otal, ga tsada ga wahalar samun abincin halal. Na ga wata tirelar tafi-da-gidanka ta hannu, tsawonta ƙafa 30, da gadajen yara da kicin da banɗaki. Mai ita ya ce nauyinta laba 6,400. Motar da nake son saya don jan ta Silverado 1500 ce mai injin dizal na Duramax lita 3. Dillali ya ce tana jan fiye da laba 9,000, ke nan ina da rara sosai. Mu shida ne a gidan. Don Allah wanda ya taɓa wannan harka ya taimaka kafin Asabar, ranar zan biya.

Kawu Direba (Indianapolis): Wa alaikumus salam. Ɗana, dakata da biyan nan tukuna. Shekara goma sha takwas ina tuƙa babbar mota a ƙasar nan, kuma galibin masu tafi-da-gidanka da nake gani a gefen hanya, ba rashin ƙarfin inji ne ya tsayar da su ba. Abin da mota za ta ja daban, abin da za ta ɗauka a kanta daban. Ka koma wurin motar, ka buɗe ƙofar direba, a jikin ƙarfen da ƙofa ke rufewa a kai akwai wata 'yar takarda mai ratsin ruwan ɗorawa. A nan aka rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar, ita kanta, za ta ɗauka. Ɗauko min hotonta. Sannan a jikin tirelar, gefen hagu ta gaba, akwai wata takardar mai haruffan GVWR, wato iyakar nauyin tirelar tare da kayan cikinta. Ita ma ina son ganin lambar.

Baban 'Yan Biyu: To Kawu, yanzu na dawo. Ta motar ta ce 1,560. Ta tirelar 7,800.

Kawu Direba: Madalla. Zo mu yi lissafi tare. Wancan 6,400 da aka faɗa maka nauyinta ne fanko, yadda ta baro masana'anta, babu ruwa, babu tukunya, babu buhun shinkafa. Da 7,800 za mu yi aiki, don gidan mutum shida zai kai ta kusa da nan. Ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiyar mota. Mu ce kashi 13, wajen laba 1,000 ke nan a kan ƙugun motarka tun ba wanda ya shiga. Ƙarfen mahaɗa mai rarraba nauyi shi kaɗai ya kusa laba 100. Kai da maiɗakinka da yara huɗu, mu ce 700. Mun kai 1,800, kuma ba mu sa janareto da kula da kekunan yara a bayan mota ba. Takardarka ta ce 1,560. Injin zai ja, ban musa ba. Amma sifirin ɗin baya da tayoyi da birki su ne za su ji a jikinsu, gaban motar ya ɗage, sitiyari ya yi sakayau a hannunka. Mil wajen 1,700 ne gabanka, da 'ya'yanka a kujerar baya.

Bakanike (Houston): Kawu ya gama magana. Abin da zan ƙara, kada ka ɗauka da ka ji an ce 2500, wato ajin a-kori-kura da ke sama da 1500, shi ke nan an wuce wurin. Injin dizal na manyan nan, Cummins 6.7 na Ram, Power Stroke 6.7 na Ford, Duramax 6.6 na Chevrolet da GMC, ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan laba, kuma daga abin da motar za ta ɗauka ake cire wannan nauyin. Na sha buɗe ƙofar 2500 mai dizal, irin mai kujerun fata da rufin gilashi, in ga lamba kaɗan ta haura 2,000. Kowace mota da tata takardar. Idan ka samu ajin da ke sama da ita, 3500 ko F-350 ta Ford, mai taya ɗaya kowane gefe a baya kuma kuɗin bai yi nisa da na 2500 ba, ɗauke ta. Girmansu kusan ɗaya ne wajen tuƙi, amma ɗaukarta ya fi nesa ba kusa ba.

Autan Zaure (Dallas): Allah ya ƙara girma Kawu. Ni tambayata, dole ne sai dizal? Yayanmu fa sau biyu ko uku zai ja tirelar nan a shekara, sauran kwanakin daga gida sai aiki. F-250 na Ford, daidai da 2500, mai injin fetur lita 7.3 da ya fito a 2020 zai ja ta ba wata damuwa, ya fi araha, takardar ƙofarsa ma ta fi yawa.

Bakanike: Auta, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Dizal na yanzu ba irin wanda muka sani a gida ba ne, wanda kome ka zuba masa sai ya sha. Tun wajen 2007 aka sa musu matatar hayaƙi a salansa, tana tara baƙin toka, sai motar ta yi doguwar tafiya ta ɗau zafi kafin ta ƙone shi. Wanda tafiyarsa mil biyar ce safe da yamma, a sanyin Ohio, matatar nan za ta riƙa cikewa, ya zama ɗan gida a gareji. Ga kuma ruwan DEF, wanda takin yuriya ne kashi 32.5 da tataccen ruwa, tankinsa daban mai shuɗin murfi. Idan kana jan kaya yakan sha da yawa, kuma in ya ƙare motar da kanta za ta rage maka gudu. Ka riƙa tafiya da jarka ɗaya. Za ka haɗu da masu ce maka a cire waɗannan na'urori a huta. Kada ka yarda, dokar tarayya ta haramta, kuma in ka zo sayarwa za ka sha wuya. Ta hannu da aka riga aka cire mata ma ka bar ta inda ka gan ta.

To Baban 'Yan Biyu, mil nawa ne tsakanin gidanka da wurin aiki?

Baban 'Yan Biyu: Mil 34 ne zuwa, kusan duk a babbar hanya.

Bakanike: To dizal zai zauna da kai lafiya.

Ɗan Maraɗi (Greensboro): Salamu alaikum. Ni ina bayan gazuwal, wato dizal, kuma dalilina gangara. Duk shekara muna hawa Virginia ta I-77, a dawowa sai mun sauko Fancy Gap, gangara ce mai tsawo, ga hazo wani lokaci ko motar gabanka ba ka gani. Da farko da motar esansi, wato fetur, nake ja. Wata rana na taka birki tun daga sama har ƙasa, kafin mu sauka wari ya cika motar, ƙafata tana nutsewa birkin ba ya kamawa yadda ya saba. Allah ne ya tsare. Wadda nake da ita yanzu tana da birkin salansa, ina danna maɓallinsa tare da na Tow/Haul, wato na jan kaya, tun kafin gangara ta fara, inji ya riƙe motar da tirelar, sai jefi-jefi nake taɓa birki. A hawa ma turbo bai cika jin ƙarancin iskar kan tudu ba. Mai kuwa, ni dai galan ɗaya yana kai ni mil 11 zuwa 12 da tirela, a da 8 nake samu.

Wani abu ga 'yan Najeriya: ku a gida dizal kuke kira gas, nan kuwa gas fetur ne. Kuma kada ka dogara da koren hannun famfo, akwai gidajen man da koren nasu na fetur ne. Karanta rubutun kowane lokaci. In aka yi kuskure aka zuba, kada a tayar da inji ko sau ɗaya, a kira mai janwe.

Hajiya Babba (Minneapolis): Ƙanena, ku maza kun tsaya kan inji, ni bari in yi maganar loda kaya, don mu ne masu yin ta. Tafiyarmu ta farko kicin ɗin tirelarmu a baya yake, sai na jera komai a can: buhun shinkafa, garin tuwo, galan ɗin mai, manyan tukwane, katan-katan na ruwa. A kan I-94 wata babbar mota ta wuce mu, sai wutsiyar tirelar ta fara kaɗawa, dama, hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya. Yara suka sa salati. Alhaji bai taka birkin mota ba, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari sak, ya matse 'yar sandar birkin tirela da hannu, sai ta miƙe. Da muka tsaya hannuna rawa yake. Tun daga ranar kaya masu nauyi a ƙasa nake sa su, a kan tayoyin tirela ko gaba da su kaɗan. Ka nuna wa maman yara wannan saƙon, kuma ita ma ta san inda sandar nan take.

Ruwa kuma, galan ɗaya laba 8.3 ne. Tanki mai galan 40 ya haura laba 330. Mu masu alwala sau biyar ruwanmu yana saurin ƙarewa, tankin ruwan wanke-wanke yana saurin cika. Mukan tafi da kaɗan a hanya don banɗaki, mu cika idan mun isa. Alwala a waje da buta, a shimfiɗa darduma a inuwar rumfa. Wallahi sallar asuba a irin wuraren nan, ka ga halittar Ubangiji, ita ta sa ba mu koma otal ba.

Autan Zaure: Hajiya, wannan labari ya sa jikina ya yi sanyi. Yaya, ko za ka fara haya na kwana biyu ka gwada a kusa da gida?

Kawu Direba: Shawarar Auta mai kyau ce, gani ya kori ji. Ko hayar ko taka, ka je filin wata makaranta ranar Lahadi ka koyi ribas. Sa hannu a ƙasan sitiyari, inda hannunka ya nufa nan bayan tirela zai nufa. Maiɗakinka ta tsaya inda kake ganinta a madubi, in ta ɓace maka ka tsaya cak.

Sai tayoyin tirelar, tunda ta hannu ce. Kada zanen taya ya ruɗe ka, tayar tirela tsufa ke kashe ta tun ba ta cinye ba. A gefenta bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In sun haura shekara biyar canza su duka har da safaya. Da yawansu mil 65 a awa ne iyakarsu in ba an rubuta wani abu daban ba, ni kuwa 62 nake ba mutane shawara. A buɗe boris a sa sabon giris kafin tafiya. Sarƙoƙi biyu a gicciye su ƙarƙashin mahaɗa, igiyar birkin gaggawa a ɗaure ta jikin mota, ba jikin sarƙa ba.

Ɗan Maraɗi: Wace hanya za ka bi?

Baban 'Yan Biyu: I-90 nake tunani, ta South Dakota, yara su ga Mount Rushmore.

Ɗan Maraɗi: To sai ka tsallaka duwatsun Bighorn a Wyoming. Idan ka isa Buffalo ka sauka ka bi US 16 ta Ten Sleep zuwa Worland, ita ta fi sauƙi ga mai tirela duk da ta hau sama da ƙafa 9,600. Taswirar waya za ta iya tura ka hanyar 14A, ka ƙi, gangararta ta kai kashi 10 cikin ɗari. Iskar yankin nan ma ba ta wasa, ranar da ta taso gara ka kwana inda kake. Cikin Yellowstone kuwa sansanin tireloli na Fishing Bridge ne kaɗai ke da wuta da ruwa da magudana a kowane fili, kuma saboda beyar ba sa karɓar tanti, sai tirela mai bango irin taka. Wurin yana cika watanni kafin Yuli. Ka nemi gurbi yau, tun kafin motar ma.

Baban 'Yan Biyu: Jama'a, bayan mako uku ga ni na dawo da labari. Na fasa 1500 ɗin. Na samu Ram 3500 ta 2018 mai Cummins, taya ɗaya a baya, takardar ƙofarta 3,900 da ɗoriya. Bakanike, na kai an duba, ba a cire mata komai ba. Tayoyin tirelar na 2018 ne, na canza duka biyar. Jiya muka loda kamar za mu tafi, kowa ya shiga, muka je sikelin CAT da ke tashar manyan motoci kamar yadda Kawu ya ce min a waya. Tirelar ta tashi 7,450, abin da ke kan ƙugiya 690 kawai. Fishing Bridge ban samu ba sai kwana biyu, sauran za mu yi a West Yellowstone. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Kawu Direba: Amin ɗana, Allah ya sa alheri. Amma 690 cikin 7,450 bai kai kashi 10 ba, ƙugiyar ta yi sauƙi, irin abin da Hajiya ta ba da labari ke nan. Me ke bayan tirelar?

Baban 'Yan Biyu: Janareto da kekuna huɗu, a kan wani ƙarfe da mai ita na da ya ƙera a baya.

Kawu Direba: Sauke su ka mayar cikin bayan mota, yanzu kana da wurin ɗaukarsu. Shinkafa da katan ɗin ruwa su koma ƙarƙashin gadon gaba. Ka sake hawa sikeli, ina son ganin 900 zuwa 1,000. Turo min takardar in gani kafin ku kama hanya.