Darasin tajwidi mai sauti da hoto: in biya a yi min ko in koya?

Malamar Mabera: Assalamu alaikum. Ina karantar da matan aure tajwidi. So nike in haɗa darasi wanda aya za ta fito a rubuce, a ji muryata, ga hoton baki na nuna makhraji, wato mafitar harafi, in tura musu ta WhatsApp. Waya kawai gare ni, ban san komai na kwamfuta ba. Wani mai shago ya ce dubu 40 darasi goma. In biya ko in koya?

Ɗan Arkilla: Malama, buɗe manhajar PowerPoint a laftof ɗinki, ki naɗi murya kan kowane shafi, ki fitar da shi bidiyo MP4. An gama.

Maman Islam: Ta ce waya kawai gare ta, Malam. Hajiya, manhajojin haɗa bidiyo a waya, CapCut ko Canva, sun isa, jawo hoto ne ki ɗora murya.

Baban Runjin Sambo: Ƙanwata, kar ki biya! Bara munka ba wani yaro dubu 60 ya haɗa muna darussan Ahalari. Wata biyu muna bin shi. Da ya kawo, Larabcin duk ya warwatse, haruffa sun rabu, wani layin ma ya juya daga hagu. Duk inda ƙ da ɗ suke, akwati ne ya fito. Ya saka sautin cikin PDF, a kwamfutarsa yana magana, a wayoyin ɗalibai shiru. Na ce ba ni ainihin fayil ɗin, ya ce sai an ƙara kuɗi. Gaban iyayen yara na ji kunya, wallahi har yau ban bi ta layin nan.

Ɗan Arkilla: Baba, dubu 60 an cuce ku. Dubu 2 ake yin darasi.

Maman Islam: A ina? Ni dubu 7 anka ce min.

Ɗan Arkilla: Shekara shida ina wanga aiki.

Baban Runjin Sambo: Shi ya sa. Mai shago ba ya cewa a koya da kai.

Na Gawon Nama: Malama, ki dai kulle zakaran gidanku kafin naɗi, kada ya shigo cikin gunna 😂

Maman Islam: Ki tura shi a matsayin fayil, WhatsApp na matse bidiyo har wasali ya dushe.

Malamar Mabera: Na gode. To Larabcin fa, ya zan yi kada ya warwatse?

Na Gawon Nama: Fayil kuma? Wa ke da datar saukewa? Jiya na sa, yau ta ƙare.

Baban Runjin Sambo: Data ma sai da caji. Kwana uku ba mu ga wuta ba, ga zafin nan, wayata na wurin mai caji tun safe.