Taƙaitawa: abin da aka tattauna kan ƙiba da cin abinci

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Tumbi ba alamar hutu ba ne. A auna ƙugu da tef daidai cibiya: namiji ya wuce santimita 94, mace 80, haɗarin ciwon suga da hawan jini ya ƙaru.

2. Ƙwayoyin “sha ka fashe”, waɗanda ake sha don a yi ƙiba, su ne suka fi tayar wa jama'a hankali, kuma da gaskiyarsu. Dexamethasone, ɗaya daga cikin irin waɗannan magungunan, na kumbura fuska, ya tara ruwa a jiki, ya hau da suga. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina lokaci ɗaya, ta ga likita ya rage mata a hankali.

3. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙulen magi.

4. Tafiya da sauri minti 150 a mako.

Inda aka rabu:

Tuwon dare. Wasu sun ce a bar shi, wasu sun ce malmala ɗaya da miyar kuka ko zogale ta wadatar, man ja ne za a rage.

Motsa jikin mata ma an yi ja-in-ja: wasu na ganin tsakar gida ta isa, wasu na son fili na mata zalla.