Neman shawara: ina son kai yara tafkin Bomo

Baban yara, Sabon Gari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarana uku, babban shekararsa 11, tun da aka ba da hutu kansu na kan waya. Ni da na tashi a ƙauye abin yana ci mini rai, autar ko furen bado ba ta taɓa gani ba. Ina so in kai su tafkin Bomo, can wajen Samaru ta Zariya, su sha iska su ga tsuntsaye. Wane lokaci ya fi? Kuma babban ya nace sai ya yi iyo, in bar shi?

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Malam, ku yi sammako. Da hantsi ya ɗaga tsuntsu ya watse. Da sanyin safiya za ku ga belbela garke guda, ga zalɓe a tsaye cikin ruwa yana fakon kifi. Amma hunturu ne yanzu, a saka musu rigar sanyi, iskar bakin ruwa ba irin ta cikin gari ba ce.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada: Yallaɓai, don Allah batun iyon nan a ajiye shi. Kwantaccen ruwa mai ciyayi shi ne gidan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya. Ba sai yaro ya sha ruwan ba, ta fata ƙwayar take shiga, ko da tsoma ƙafa ya yi. Sai an yi makonni, har an manta da zuwa tafkin, a ga jini a ƙarshen fitsari. Akwai maganinta, praziquantel, amma me zai kai mu? Ga taɓo a ƙasa mai riƙe ƙafa.

Tsohon masunci: Gaskiyar Hajiya. Ɗana, in ka isa ka fara yi wa masu lambu sallama, su suka san inda gaɓa take zaftarewa. Kada yara su tattaka musu shuka. Ka yanka wa babban sanda ka ɗaura fatsa da tana, ya zauna a tudu. In karfasa ta ja zaren sau ɗaya, ya manta da iyo. Ledar abinci kuma ku koma da abarku.

Baban yara, Sabon Gari: Allah ya saka da alheri. Iyo kam an fasa. Baba, fatsar fa, a kasuwar Samaru zan samu ko in saya a nan Sabon Gari kafin Asabar?